Tarihin Likita a Ƙasar Magarya da Dungas

 

Mun saba jin tarihin sarakuna da na yaƙe-yaƙe. A darasinmu na wannan sati za mu ji tarihin likita, wato gidan da maƙwabtanmu na Najeriya suke ce wa asibiti. Za mu ɗauki ƙasar Magarya da Dungas, a kudancin jahar Damagaram, mu ga cututtukan da suka dami kakanninmu, da waɗanda aka kora, da waɗanda har yanzu muke fama da su. Za mu kuma faɗi abin da ake yi wa marar lafiya in an kai shi likita, domin mutum ya fi tsoron abin da bai sani ba. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Kafin zuwan likita

Tun kafin a gina ɗakin likita ko ɗaya, ƙasar nan tana da masu magani. Akwai wanzami, mai yin ƙaho da kaciya. Akwai maɗori, mai ɗora ƙashi in ya karye. Akwai ungozoma, mai zama kusa da mace ranar haihuwa. Akwai boka da saiwoyinsa, akwai malam da rubutunsa. Waɗannan mutane sun yi wa jama'a aiki gwargwadon saninsu, kuma har gobe suna nan a garuruwanmu.

Amma akwai cututtukan da suka fi ƙarfin kowa. Agana tana shiga gari ta kashe na kashewa, ta makantar da wasu, ta bar wa sauran zane a fuska. Dussa, wadda wasu ke kira ƙyanda, tana kwashe yara. Sanƙarau yana zuwa da rani. Kurkunu yana kwantar da manomi daidai lokacin noma. Jariri kuma yakan mutu cikin satinsa na farko ko na biyu, jikinsa ya sandare, ya kasa kama nono. A da ana cewa iska ce. Yau an san ƙwayar cuta ce take shiga ta cibiya, in an yanke ta da aska marar tsabta.

Zamanin Turawa da korar agana

Faransawa sun kama Damagaram a shekara ta 1899. Zinder ce ta zama babban birnin ƙasar, har 1926 da aka mai da mulki Yamai. Lokotoron farko na soja ne, kuma soja yake dubawa tukuna. A 1905 aka kafa ma'aikatar duba talakawa a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa take mulki. A 1918 aka buɗe makarantar koyon aikin likita a Dakar domin ƴan Afirka. Duk da haka ma'aikata kaɗan ne ƙwarai, ƙasa kuwa da faɗi. Mutumin ƙauye yakan tsufa bai taɓa ganin lokotoro ba.

Abin da talaka ya fi sani a zamanin nan shi ne masu lamba, waɗanda suke yawo gari gari. Da yake hukumar da take aiko su ita ce take karɓar haraji, take ɗibar mutane aikin tilas, jama'a ba su yarda da su ba. A wurare da yawa, in an ji sun taho, sai a ɓoye yara.

Lambar agana tsohuwa ce. Wani likitan Ingila mai suna Edward Jenner ya gano ta tun 1796. Abin da ya rage shi ne ta kai ga kowa. A 1967, bayan mun sami mulkin kai, aka fara babban gangami a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijar. Tsofaffinku suna iya tuna wata na'ura mai kama da bindiga, wadda ake danna wa mutum a damtse, a yi wa ɗaruruwa cikin yini ɗaya. Mutum na ƙarshe da ya kamu da agana a waɗannan ƙasashe an gan shi a Najeriya a 1970. A 1980 aka yi shela cewa babu agana a duniya duka.

Ku duba damtsen dattijon gidanku, za ku ga tabon. Ɗan tabon nan ne ya sa jikokinsa ba su san agana ba sai a labari.

Magani ya shigo ƙauye

A shekarun 1960 gwamnatin Nijar ta ga ba ta da lokotoron da zai ishi ƙasa. Sai aka fito da wata dabara, aka fara ta a jahar Maradi, daga baya ta bazu. Mutanen gari su zaɓi nasu, a ba shi horo na ƴan kwanaki, a ba shi akwatin magani. Shi ne ake kira sekuris. A akwatinsa akwai nibakin na zazzaɓi, da asfirin, da jan maganin miki, da maganin ɗigawa a ido. Ungozomomi ma aka kira su horo, aka koya musu wanke hannu da sabulu da yanke cibiya da sabuwar reza. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata, suka amince cewa kiwon lafiya daga ƙauye ya kamata ya fara. Nijar ta riga ta kama wannan hanya.

Kurkunu ma a ƙauye aka yi maganinsa. Da aka yi ƙidaya a 1991, an sami mutane fiye da 30,000 masu kurkunu a Nijar, kuma jahar Damagaram tana cikin inda ya fi yawa. Babu allurarsa, babu ƙwayarsa. Tace ruwan tafki da ƙyalle, da gina rijiyoyi da famfuna, da hana mai kurkunu shiga ruwan sha, su suka kashe shi. Na ƙarshe da ya kamu a cikin ƙasa an gan shi a 2008. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi.

Daga 2001, a zamanin shugaba Mamadu Tanja, aka gina ƙananan ɗakunan shan magani wajen 2,000 a ƙauyukan ƙasa. A 2011 aka raba gundumar Magarya, Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta, tare da Guci da Malawa da Dogo-Dogo. Magarya ta riƙe Bande, Waca, Yekuwa, Kwaya, Sasumburum da sauransu. Ga yadda matakan suke: ɗakin shan magani na ƙauye, sai likitar da ake kira CSI, sai likitar gunduma, sai babbar likita ta Zinder. Abin da ya fi ƙarfin na ƙasa, sai ya rubuta takarda ya tura sama.

Sanƙarau da ɗiban ruwan baya

A 1963 wani lokotoron Faransa, Lapeyssonnie, ya nuna cewa sanƙarau yana da ƙasarsa. Wani zirin ƙasa ne daga Senegal har Habasha, mu kuwa muna tsakiyarsa. Yana tasowa in hunturu ya busa, ƙura ta bushe hanci da maƙogwaro, ya yi ƙarfi da bazara, ya kwanta in ruwa ya sauka. Yana bin numfashi da tari, shi ya sa ya fi yaɗuwa inda mutane suka cunkushe a ɗaki ɗaya.

A 1995 ya kama dubban mutane a Nijar. A 1996 ya kama fiye da 100,000 a Najeriya, galibi a arewa, dab da iyakarmu. A watan Disamba na 2010 aka kawo sabuwar allura mai suna MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso. Ita ce ta karya irin sanƙarau da ake kira A, wanda ya fi yin ɓarna. To amma sanƙarau iri-iri ne. A 2015 irin da ake kira C ya ɓarke a Nijar. Daga Nuwamba 2022 zuwa ƙarshen Janairu 2023 an ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jahar Damagaram, 18 suka rasu. Cikin waɗanda suka kamu, 342 mutanen Dungas ne. A 2024 aka fara aiki da wata allura mai kare mutum daga iri biyar gaba ɗaya.

Ga alamunsa, ku riƙe su: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sandare har mutum ba ya iya sunkuyar da kai. Ga jariri kuwa, maɗigarsa takan kumbura, ya ƙi nono. Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya tsira a makare yakan kurumce.

In kun kai shi likita, za a ce za a ɗebi ruwan baya. Nan ne mutane da yawa suke tsorata. Ga yadda abin yake. Akwai wani ruwa da ya kewaye ƙwaƙwalwa ya gangaro ta cikin ƙashin baya. A nan ƙwayar cutar take zama. Za a kwantar da marar lafiya ta gefe ya lanƙwashe, ko a zaunar da shi ya duƙa. A wanke wurin, a sa siririyar allura a ƙasan baya, tsakanin ƙashi da ƙashi, a ɗebi ɗan kaɗan. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan rijiya. Na mai sanƙarau yakan yi gurɓi. Da wannan ruwa ake gane irin cutar, a san maganin da za a ba shi, a kuma san allurar da za a kawo wa garinku. Jiki yana mai da ruwan cikin ƴan awoyi. In kun ga wanda ya nakasa bayan sanƙarau, ku sani cutar ce ta yi masa, ba allurar ba.

Shekara ta 2005 da tamowa

Ƙasar nan ta ga yunwa iri-iri. Tsofaffi suna ba da labarin ta 1973 da 1974, da ta 1984 da ake kira El Buhari. A 2005, bayan ƙarancin ruwa da fari, hatsi ya yi tsada, yara suka shiga tamowa. A shekarar nan ce ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magarya.

Kafin wannan lokaci, duk yaron da tamowa ta kama sosai sai an kwantar da shi likita sati uku ko huɗu, uwarsa ta bar gida da gona. A 1996 wasu Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa wani abinci da gyaɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Shi ne mata suke kira biskit. Ba ya son dafuwa, ba ya son ruwa, uwa tana iya ba yaro a gida. A Nijar ne, a 2005, aka fara aiki da shi ga yara masu ɗimbin yawa. MSF kaɗai ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a shekarar. Duniya ta koyi darasi daga nan. Ku lura, gyaɗa ce tushensa, irin wadda Magarya ta yi suna da nomanta.

Yaya ake gane tamowa? Da ɗan zaren awo mai launi uku, wanda ake naɗa wa yaro a damtse. Kore, lafiya. Rawaya, a yi hattara. Ja, wato ƙasa da milimita 115, a tafi likita yau. Haka nan in ƙafafunsa biyu sun kumbura, kika danna da yatsa wurin ya lotsa. A gundumar Mirya aka gwada ba uwaye zaren nan, aka ga suna iya awo kamar ma'aikaci.

A likita za a ba yaro biskit a gani. In ya ci, kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, sai a ba ku na sati ku koma gida. In ya ƙi ci, ko yana da zazzaɓi mai zafi, ko zawo, ko numfashinsa yana sama sama, sai a kwantar da shi a sashen da ake kira CRENI. Can za a fara da wata madara marar nauyi, kaɗan kaɗan, dare da rana. Kada uwa ta ce ana yi wa ɗanta rowa. Cikin da ya daɗe da yunwa, in an cika shi gaba ɗaya, yana iya kashe yaro. Wanda ba ya iya haɗiya, ana sa masa siririn tiyo ta hanci har ciki. Tiyon ba ya toshe numfashi, kuma ana cire shi da zarar yaro ya fara sha da bakinsa.

Biskit magani ne na yaro ɗaya. In an raba shi da yayye, ko an kai shi kasuwa, mai shi ba zai tashi ba.

Zazzaɓin cizon sauro da ƙarin jini

Yanzu mun zo ga babban maƙiyin yaranmu. A 1880 aka fara ganin ƙwayar wannan cuta a cikin jinin mutum, a Aljeriya. A 1897 aka tabbatar sauro ne yake ɗaukar ta. Shekaru da yawa nibakin ce maganinta, har ƙwayar ta saba da ita, ta daina ji. A 2005 Nijar ta koma ga sabon magani irin su Coartem. A ƙarshen shekarar aka raba gidajen sauro masu magani wajen miliyan 2 a faɗin ƙasa. A 2013 aka fara ba yara maganin rigakafi na damina, Magarya tana cikin gundumomin farko. A 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a garin Gaya.

Wahalar ƙasarmu ita ce, zazzaɓi da tamowa lokaci ɗaya suke zuwa: rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, sauro ya yi yawa. Kowace cuta tana buɗe wa ƴar'uwarta ƙofa. A watan Satumba na 2018 MSF ta ba da sanarwa cewa yara fiye da 700 suna kwance a likitar Magarya, kuma yara kamar 10 suna rasuwa kowace rana. Da yawa an kawo su ne bayan cuta ta ci ƙarfinsu.

Ga yadda ake yi. In yaro ya yi zazzaɓi, za a soki yatsansa a ɗiga jini a kan wani ɗan abin gwaji. Cikin minti 15 zuwa 20 an san amsa. In cutar ce, za a ba da ƙwayoyi na kwana 3, safe da yamma. A shanye su duka, ko da jiki ya yi sanyi tun rana ta biyu. Maganin rigakafi na damina kuma na yara ne daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata. Ma'aikaci ya ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana biyu da suka biyo.

In yaro yana jijjiga, ko ya suma, ko yana amayar da kome, ko tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari, wannan ya wuce ƙwaya. A ƙofar likita ana tantance yara, mai tsanani shi ake fara shigarwa ko da shi ya zo ƙarshe. Kada ku ce an yi son kai. Za a yi masa allurar jijiya. Mai wahalar numfashi a sa masa iska ta hanci. Wanda zawo ya tsotse a yi masa ƙarin ruwa.

Farin tafin hannu yana nufin ƙwayar cutar ta farfasa jininsa. Babu kantin da ake sayar da jini, babu masana'antar da take yin sa, sai mutum ya ba mutum. Babban mutum yana da jini wajen lita 5. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki yana mai da shi cikin ƴan satuttuka. Ba ya rage ƙarfin noma, ba ya rage ƙarfin namiji. Kafin a sa wa yaro, ana auna shi a ga ya dace da nasa, a kuma tabbatar ba shi da sida ko ciwon hanta. Ya ku iyaye maza, da kawunai da baffanni, nan ne aikinku yake. Uwa ta yi goyo, ta yi tafiya, ta kwana zaune. In an ce ana son jini, kada a neme ku a rasa.

Haihuwa da maganar kuɗi

Bayan taron Bamako na 1987, ƙasashen Afirka da yawa suka sa marar lafiya ya riƙa biyan wani abu, Nijar ma ta bi. Kuɗin ya hana talakawa da yawa zuwa. A 2005 gwamnati ta ce aikin fid da jariri ta ciki kyauta ne. A 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2024 aka rage kuɗin ganin likita a gidajen gwamnati, aka ce haihuwa kyauta ce. Wani lokaci magani yakan yanke a rubuta muku ku saya, amma ku san haƙƙinku, ku tambaya.

Mace in ta kwana ta yini tana naƙuda, ko jini ya ɓalle mata, ko tana jijjiga, ba ta jiran gobe. Doguwar naƙuda ita take kashe jariri a ciki, ita take jawo yoyon fitsari. Aikin ciki ba abin kunya ba ne. Ana sa mata maganin da ba za ta ji zafi ba, a fid da jariri, a ɗinke. Tana iya sake haihuwa, sai dai ta huta kamar shekara 2, kuma haihuwa ta gaba a likita za ta yi ta. Maigida ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, ya tanadi amalanke ko kuɗin mota, domin naƙuda ba ta sallama.

Abin da za mu riƙe

Agana ta tafi da jama'a suka miƙa damtse. Kurkunu ya tafi da mata suka tace ruwa. Zazzaɓi da tamowa da sanƙarau suna nan, kuma abin da ya fi ba su sa'a shi ne jinkiri. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Ku da kuka koyi karatu kuna da makamin da kakanninku ba su da shi. Kuna iya karanta katin allurar yaro ku ga ranar komawa. Kuna iya karanta ƙwaya nawa, sau nawa, kwana nawa. Ku karanta wa kanku, ku karanta wa maƙwabta.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku a aji:

1. Wace cuta ce tsofaffin garinku suka sani, wadda yaran yanzu ba su sani ba? Me ya kore ta?
2. Kilomita nawa ne daga garinku zuwa likita mafi kusa? In ciwo ya tashi da dare, da me za ku tafi?
3. Mutum nawa ne a garinku suka taɓa ba da jini? Me ya hana sauran?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, ku ba malami ya aiko mana. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka. Ku huta lafiya.